Hular Glenys Tuckwell

Duk wanda ya taɓa shiga ruwa a bakin tekun Merrigal ranar Lahadi ya sha faɗan Glenys Tuckwell, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Ita ce gajeriyar tsohuwar nan mai faɗin kafaɗa, wadda rana ta gasa wa fata har ta gaji, da usur a wuya, da hular masu ceto ja da rawaya ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Mu sauran 'yan ƙungiyar ceto da mun tashi aiki muke cusa tamu a aljihu, don ban taɓa ganin wanda hular nan ta yi wa kyau ba. Glenys kuwa da ita take zuwa sayen biredi.

Ita ke kafa tutoci da safe. Takan tsaya hannu a ƙugu ta zura wa teku ido, ba ta kula kowa, har sai ta gano inda kwararo yake a ranar, wato wurin da ruwan da igiyar teku ta turo gaɓa yake haɗuwa ya koma ciki da ƙarfi, ya tafi da duk wanda ya samu. Sannan ta nuna da ƙafa, nan da can, mu kafa. Tsakanin tutocin nan biyu kaɗai muka yarda a yi iyo. In baƙi sun sauko daga Sydney da lemarsu da akwatin ƙanƙararsu, sai ta tare su tun kafin su jiƙa ƙafa.

"Ku saurara, ba zan maimaita ba," haka take farawa, alhali sai ta maimaita. "In ka ji ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi, ya fi ubanka ƙarfi. Kwanta rigingine, ka ɗaga hannu ɗaya sama. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne in je in ƙwanƙwasa wa uwarka ƙofa."

Shekara arba'in da 'yan kai tana faɗin wannan magana. Kuma kowa a ƙungiyarmu ya san mutum ɗaya ce a Merrigal ta rantse ba za ta taɓa ɗaga hannu a cikin ruwa ba, ita ce mai maganar.

Ni ce Kerryn. Ranakun aiki ina bayan kanta a shagon magani, ƙarshen mako kuma ina rumfar agajin gaggawa a kan yashi, ina ɗaure raunuka da cire ƙaya. Ciwon asma ya hana ni aikin cikin ruwa tun fil'azal. Ina budurwa aka yi rantsuwar, a gabana, don haka ba labari na ji ba.

Mahaifin Glenys mai kiwon kawa ne, halittar ruwan nan mai ɓawo da ake ci, a bakin kogi, kuma ta iya iyo kafin ta iya rubuta sunanta. Yayyenta maza duk 'yan ƙungiya ne. Ita kuwa, saboda mace ce, aikinta shi ne ɗinka musu huluna da dafa shayi in an yi gasa. Ta ɗinka hular nan ba adadi, ba a taɓa barin ta ta ɗaura ko ɗaya ba. Shekarar da aka buɗe wa mata ƙofa, ita ce ta fara zuwa neman lambar tagulla, wadda sai da ita ake ba mutum aikin ceto. Ranar gwajinta maza suka jeru a barandar gidan ƙungiya kamar masu kallon dambe. Cikinsu akwai Col Duggan, dogo, mai riƙe da akalar kwalekwalen ceto, mai baki kamar reza.

"Samari, ku kwance igiyar ceto," ya ce da ƙarfi don ta ji. "Yau muna da kamu. Ke Glenys, in kin gaji ki ɗaga hannu kawai, ni da kaina zan zo in ɗauko ki."

Aka kwashe da dariya. Glenys tana ɗaure hular aro, ta juyo ta dube shi.

"Col, ranar da na ɗaga hannu a ruwan nan, zan cire hular nan in miƙa maka a gaban kowa. Ka riƙe wannan."

Ta shiga ruwa, ta fito ta bar maza biyu a baya suna haki. Tun daga ranar ba ta sake dafa wa kowa shayi ba.

Abin da ya biyo baya rayuwa ce irin ta kowa. Ta yi aikin raba wasiƙu a kan babur har ta yi ritaya. Ta auri Ray, mai gyaran injin jirgin ruwa, mutum mai sanyin hali da ke tsoron teku kamar mutuwarsa; ta haifi 'ya'ya maza biyu da suka tafi Queensland neman aiki; ta binne Ray. Duk wannan bai hana ta Lahadi ba. Mutanen da ta fiddo daga ruwa ita kanta ba ta san yawansu ba. Na ga ranar da ta durƙusa kan wani mahauci da zuciyarsa ta tsaya, tana danna masa ƙirji, gumi na ɗiga daga hancinta, ba ta yarda an karɓe ta ba har motar asibiti ta iso. Mutumin yana nan da ransa, duk Kirsimeti sai ya aiko mata da cinyar rago. Na kuma ga ranar da aka makara, ta zauna a yashi kusa da matar mamacin har rana ta yi sanyi, tana riƙe da hannun matar.

Amma ba zan ce muku Glenys mai daɗin zama ba ce. Mu masu aikin tudu, 'yan agajin gaggawa da masu riƙe oba-oba, sunan da ta raɗa mana shi ne "'yan benci". Takan leƙo rumfata ta ce, "Kerryn, yaya zaman inuwa? Kada dai ki gaji." Abin yana ƙona mini rai, na kuma sha gaya mata. In an kawo yaro yana ihu saboda shuɗiyar halittar ruwan nan mai harbi ta nannaɗe masa ƙafa, ni ce nake tsoma ƙafar a ruwan zafi ina lallashinsa, ba ita ba. Sai ta yi dariya ta ce wasa take yi. Rabinsa wasa ne.

Col kuwa tsufa ya riga ya kai shi benci. Tun da aka yi masa aikin zuciya likita ya hana shi shiga igiya, sai ya koma hasumiyar tsaro da madubin hangen nesa da oba-oba. Bakinsa dai ba a yi masa aiki ba. Duk Lahadi sai mun ji su ta oba-oba.

"Hasumiya ce ke kiran gaɓa. Akwai wata tsohuwa a bakin tuta tana tsorata yara, a duba mana ko ta ɓata ne."

"Gaɓa na amsawa. Ka gaya wa tsohon da ke sama ya goge gilashinsa, ya kuma daina barci da kayan ƙungiya a hannu."

"Hular tawa tana nan lafiya?"

"Sai dai a binne ka babu ita."

Haka suka tsufa, kamar harshe da haƙori.

Dokarmu ce duk shekara, kafin bazara ta kankama, kowane mai aikin ruwa ya sake gwaji: ya yi gudu a yashi, ya yi iyo ya zagayo alamar da ke can bayan igiya, ya fito ya sake gudu, duk kafin agogo ya cika. Ba ruwan agogo da sunanka ko tarihinka. Bana kafaɗar Glenys ta dama ta fara ciwo tun lokacin sanyi. Ta zo shagonmu ta sayi man zafi ta ce wai na maƙwabciyarta ne. Na miƙa mata na ce, "Ki gaida maƙwabciyar, ki ce ta je ta ga likita." Ta harare ni.

Mai riƙe agogo bana ita ce Tahlia, kyaftin ɗin ƙungiya, malamar makaranta mai 'ya'ya biyu, wadda Glenys ce ta koya mata shiga igiya tun ba ta kai ƙugu ba. Ranar gwaji kowa ya fito ya bar Glenys a ruwa. Da ta iso layin ƙarshe tana jan ƙafa, Tahlia ta dubi agogo, ta dubi yashi.

"Faɗi mana," in ji Glenys. "Ba ni na koya miki karanta shi ba?"

"Bai yi ba, Anti Glen. Amma akwai sake gwaji kafin ƙarshen shekara. In ma bai yiwu ba, ai akwai hasumiya, akwai rumfar Kerryn, muna neman mai..."

"Benci za ki ba ni?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Ki ajiye bencinki. Zan dawo."

Na ji haushin maganar, amma tausayi ya fi yawa. Matar nan ba ta da wani abu a duniya da ya wuce Lahadi. Gidanta shiru, 'ya'ya na nesa. In aka ce ta fita daga ruwa, a ganinta an mayar da ita ɗakin dafa shayi ke nan.

Sai ta shiga atisaye a ɓoye. A nan ne ta yi kuskuren da baƙo ba zai yi ba, sai ɗan gida. Baƙo tsoro yake kai shi tsakanin tutoci. Glenys kuwa kunya ce ta kore ta daga tsakaninsu, don kada mu ga yadda hannunta ya mutu. Takan tafi can ƙarshen arewa, kusa da duwatsu, ita kaɗai, babu robar ceto a bayanta, ta bi kwararo ya fitar da ita kamar yadda gwanaye ke yi, sannan ta yanko gefe ta dawo. Da wani ne ya yi haka, da usur ɗinta ya kurmantar da shi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ranar da abin ya faru Lahadi ce, bayan guguwar da ta kwana biyu tana dukan gaɓa. Teku ya yi laka-laka, igiya manya, yashin ƙasa duk ya sauya wuri. Aikin Glenys na rana ne, mu ne na safe. Na hau hasumiya na kai wa Col shayi, na same shi a tsaye, madubi manne da ido, ya juya wa tutoci baya.

"Me kake kallo a can? Mutanenka suna nan."

"Ɗauki ɗaya madubin," ya ce, muryarsa babu wasa. "Dubi bayan duwatsu."

Na duba. Can nesa, wani ɗigo ja da rawaya yana hawa yana sauka. Hula ce.

"Tun makon jiya nake ganinta," in ji Col. "Ban gaya wa kowa ba, na san halinta. Amma yau ta daina jefa hannu." Ya danna oba-oba. "Tahlia, ɗauki allon ceto, ƙarshen arewa, bayan duwatsu. Mutum ɗaya. Tamu ce."

Na ga Tahlia ta figi allon ceto ta ruga, ta faɗa ruwa ta durƙusa a kansa tana tuƙi da hannu biyu. Ta keta igiya ta fita. Sai dai abin da muke gani daga sama ita ba ta ganinsa. A tsakiyar manyan igiyoyi, kan mutum bai fi ƙwallo ba, yanzu ya bayyana, yanzu tudun ruwa ya rufe shi. Tahlia ta tsaya tana waige-waige, ta nufi inda kwararon yake kaiwa a da. Guguwa kuwa ta karkatar da shi, yana jan Glenys ta bayan duwatsu, inda ruwa ke farfasawa fari fat. Allo babu oba-oba. Col ya ɗauki tutocin ishara yana kaɗawa, amma Tahlia ba gaɓa take kallo ba, ruwa take bincike.

Glenys ta kwanta rigingine, kamar yadda take koyarwa. Rabin karatun ke nan. Hannuwanta biyu suna cikin ruwa.

"Ɗaga," in ji Col a hankali. "Ɗaga mana, ke mai taurin kan tsiya."

Ba ta ɗaga ba. Na san tana ganin duwatsu, na san ta san abin da suke yi wa mutum, don ta sha kwaso waɗanda suka yi wa. Ina jin kamar in shaƙe ta don haushi, ina kuma kuka.

"Ba na son hular!" Col ya daka tsawa, kamar za ta ji shi daga can. "Na rantse ba na so! Wasa nake yi, Glenys, wasa ne!"

Igiya ta rufe ta. Da ta sake bayyana, sai ga hannun hagu a sama, miƙe sak, yatsu a buɗe, yadda littafi ya ce. Ta riƙe shi a haka, ba ta sauke ba. Tahlia ta hango, ta juya kan allo.

Col ya zube a kan benci. Shayin da na kawo ya riga ya kife, ba wanda ya san lokacin.

Ni aka kawo wa ita. Leɓenta ya yi shuɗi, ta sha ruwa, kafaɗar dama ta ƙi ɗaguwa. Na kwantar da ita, na sa mata abin shaƙar iska, na lulluɓe ta da bargo, na ɗaure hannun a ƙirji. Ta yi ta amai a bokiti, ina riƙe mata kai. Da ta samu numfashi ta ture abin iskar ta dube ni.

"Rumfar nan taki akwai ɗumi," ta ce.

"Zaman inuwa ne ai. Mayar da abin nan bakinki."

Motar asibiti ta tafi da ita, suka duba huhunta, suka sallame ta da yamma. Na ɗauka gida za ta wuce. Ina! Sai ga ta a gidan ƙungiya, hannu a rataye, hula a ka, daidai lokacin da ake gasa nama da albasa a baranda kamar kowace Lahadi. Wurin cike yake, har da sababbin masu neman lambar tagulla, su goma sha wani abu, waɗanda ita take koyarwa. Labari ya riga ya zagaya. Tsofaffin cikinmu duk sun tuna rantsuwar, kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

Col ne ya miƙe, da biredi a hannu.

"To, tunda ga ta nan, bari in faɗa kowa ya ji," ya ce. "Ni na tura allo, da karambanina. Matar nan tana kwance tana hutawa abinta, da an ƙyale ta da ta fito da kanta. Ba ta kira kowa ba, ba ta ɗaga komai ba. Ni ke riƙe da madubi. Ko ba haka ba, Kerryn?"

Ya dube ni, idonsa yana roƙo. Tahlia ta sunkuyar da kai. Mu uku ne kaɗai muka gani, kuma da Glenys ta yi shiru, na rantse da maganar ta mutu a nan har abada. Na buɗe baki zan ce haka ne.

"Ƙarya yake yi," in ji Glenys.

Ba Col take kallo ba, ɗalibanta take kallo.

"Tsohon nan bai taɓa iya ƙarya ba, shi ya sa yake faɗuwa a karta. Na fita wajen tuta, ni kaɗai, ba roba. Ruwa ya fi ƙarfina. Na ɗaga hannu. Kuma na daɗe ban ɗaga ba, saboda girman kai, har na kusa jawo Tahlia cikin duwatsu, mai 'ya'ya biyu a gida." Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. "Ranar da ya zo kanku, kada ku tsaya tunanin wa ke kallo. Kun ji ni?"

Suka ce sun ji.

Ta kai hannun hagu haɓarta tana kokawa da igiyar hular. Ƙullin ya jiƙe ya ƙanƙame, hannu ɗaya ba zai kwance shi ba. Ba wanda ya motsa. Ta juyo gare ni. "Kerryn, taimaka mini." Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba. Na kwance mata. Farin gashinta ya fito a kwance, da sawun igiya a kumatunta. Ta taka har gaban Col ta miƙa masa.

"Ungo. Alkawari kaya ne."

"Na ce ba na so."

"Ba tambayarka na yi ba."

Col ya karɓa. Ya jujjuya ta a hannu, ya dubi ɗinkin, irin nata na da, ƙanana a jere. Sai ya cire tasa, wadda rana ta cinye launinta har jan ya koma kalar shayi da madara, ya ɗaura ta Glenys a kan sanƙonsa. Ta yi masa kaɗan, ta zauna a tsakar kai kamar murfin kwano. Wani ya fashe da dariya, ya haɗiye.

"Wannan kuma," in ji Col, yana miƙa mata tsohuwar tasa, "ke kika ɗinka mini ita, shekarar da ba a ba ki taki ba. Ko na gode ban ce ba. Ta yi mini yawa tun da gashi ya gudu. A hasumiya ma da hula ake aiki, kuma idona ya fara yaudarata. Jiya na kusa tura allo ya ceto buhun leda."

Glenys ta tsaya tana kallon hular. Na ɗauka za ta jefa masa a fuska.

"Bencin naka," ta ce, "yana da wurin mutum biyu, ko duk ka cinye shi?"

Ba ta sake yin gwajin ba. Har yanzu ita ke nuna inda za a kafa tutoci, sannan ta hau matakalar hasumiya a hankali, tana riƙe ƙarfe da hannun hagu. Faɗansu yanzu ba ya buƙatar oba-oba, daga rumfata nake jiyo shi. Ba ta sake ce mana 'yan benci ba, shayi kuma Col ne yake dafawa.

Makon jiya wata motar baƙi ta sauke mutane, ta sauko ta tare su kamar kullum. Ta yi musu karatun kwanciya rigingine da ɗaga hannu. Wani ƙato mai zane a damtse ya yi murmushi ya ce shi ya iya ruwa, ba ya jin zai buƙata.

"Ni ma na iya," in ji Glenys. Ta ɗaga hannun hagu sama, miƙe sak, yatsu a buɗe. "Ga yadda na yi nawa."